Daga Zanzaro Zuwa Jakar Algarara: Tarihin Kiwon Ƙwari Don Maganin Ƙwari

Ina so in fara da cewa editan wannan mujalla tamu shi ya jawo muku wannan dogon zance. Ya same ni har gida a Gesse, ya ce tun da na ƙare shekarun aikina ina malamin gona, lalle ne in rubuta wani abu game da tarihin noma a ƙasar Kabi. Na ce masa wannan gona ta fi ƙarfin fartanyata, amma akwai wata 'yar kusurwa tata da na daɗe ina son in taɓa, wato tarihin yadda mutane suka koyi kiwon ƙwaro domin ya kashe musu ƙwaro. Ya yi dariya, ya ce muddin ba zan kai masa ƙwarin ofis ba, in rubuta.

Duk wanda ya zauna makarantarmu ya san zanzaro iri biyu. Na farko shi ne wanda manyan ɗalibai suke dubawa da safe a filin taro, wanda in rigarka ta fito daga cikin wando ka san ranar kai da lauje ne a bayan ɗakin kwana. Na biyu kuwa shi ne ainihin mai sunan, wato ƙwaron nan mai siririn ƙugu da yake ɗebo laka yana gina ɗakinsa a kusurwar aji. A 1974, muna aji uku, lokacin duk muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, malaminmu na aikin gona, Allah ya ji ƙansa, ya sa aka ɓamɓaro masa ɗakin zanzaro guda, ya fasa shi a kan tebur. Ba sai na ambaci sunansa ba, 'yan ajinmu sun san mai malafar nan da ba ta rabuwa da kansa ko a cikin aji. Da ya fasa, sai ga tsutsotsi koraye sun zubo, su ba matattu ba, su ba rayayyu ba. Ya tambaye mu me muka sani. Muka gaya masa abin da muka ji a gida, cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake sacewa ya rufe ta a ɗaki, ya yi ta yi mata kuka har ta rikiɗe ta zama zanzaro. Ya ce to mu matso. Ya ba mu gilashin nan mai ƙara girman abu, muka leƙa ɗaya bayan ɗaya, sai ga ɗan ƙwai fari a cikin ɗakin. Ya bayyana mana cewa uwar harbin tsutsar take yi ta sandare, don kada ta gudu kuma kada ta ruɓe, in ƙwan ya ƙyanƙyashe ɗanta ya tarar da ɗanyen nama yana jiransa. Sa'an nan ya ce mu ƙidaya tsutsotsin, mu tuna kowace ɗaya daga gonar wani aka ɗauko ta. "Wanga ƙwaro," in ji shi, "shi ad dogarin gona, kuma ba shi karɓar albashi." Muka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa, muka ruga ɗakin cin abinci. Ni dai sai bayan shekara goma sha biyu maganar ta dawo mini, kuma ba ta dawo da daɗi ba.

Waɗannan shekaru su ne na babban fari na 1972 zuwa 1974, wanda na san babu ɗan zamaninmu da zai manta yadda malmalar tuwo ta ƙanƙance a makaranta. Abin da bai zo hankalinmu ba a lokacin shi ne gadon da farin ya bar wa manoman gero. Akwai wata tsutsa da ke cin zangarniya, wadda Hausawan Nijar suke kira murzuna, masana kuma suke kira Heliocheilus albipunctella. Da can tana nan, amma ba a damu da ita ba. Bayan farin ne ta zama babbar abokiyar gabar gero tun daga Sanagal har ƙasar Cadi. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda yake fitowa daga cikin ƙasa kamar wata guda bayan ruwa ya zauna, ya zuba ƙwai a kan gero daidai lokacin da yake fid da kai. Tsutsar tana shigewa ƙarƙashin furen, tana yanke masa wuya tana kewaya zangarniyar, sai ka ga wata hanya a murɗe kamar an naɗa zare. In ta ƙoshi ta sauka ta nutse cikin ƙasa, ta yi barcinta duk tsawon rani. Sau ɗaya take zuwa a shekara, amma a muguwar shekara zuwan nan ɗaya yakan tafi da fiye da rabin amfanin gona, kuma gero mai saurin nuna shi ya fi shan wahalarta.

Mu kuwa mun bar makaranta daidai da shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, daga baya kuma na bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980. Waɗanda muka bi hanyar aikin gona abu uku aka cusa mana: takin zamani, ingantaccen iri, da feshi. Malamin gonar da babu famfon feshi ɗaure a bayan babur ɗinsa ba a ɗauke shi malami ba. Ba na so in yi wa magani butulci, domin ranar da fara ta taso kamar hadari, ko jan-baki ya sauka a fadamar shinkafa, babu mai tsayawa karanta tarihi. Amma mun wuce gona da iri. DDT da Gammalin 20 suka zama kamar gishiri a kasuwa, har ta kai wasu marasa tunani suna zuba na biyun a tafki don kama kifi, a ƙasar da take alfahari da Matan Fada.

A daminar 1986, shekarar da fara ta addabi ƙasashen Sahel, ina aiki a wani gari na ƙasar Arewa kusa da iyaka. An kawo mana magani mai yawa don fara, ya kuma rage. Sai mai gari ya ce in taimaka musu da tsutsar da ta shiga gero. Ya kamata in san cewa tsutsar tana ɓoye inda feshi ba ya kai mata, kuma gero ya fi mutum tsawo, duk abin da ka fesa sama a fuskarka zai sauka. Amma ina saurayi, ina son a ga aikina. Kwana uku muka yi muna feshi, gero kuwa yana cikin bununi, zuma ta rufe shi. Ɗaya daga cikin samarin da suka goya famfo ya kwana biyu yana amai da jiri. Rana ta huɗu wani dattijo ya same ni a zaure da ƙwarya rufe da faifai, ya ajiye a gabana ya buɗe. Cike take da matattun ƙudan zuma daga amyoyinsa da ke kan gawo. Ya ce, "Malamin gona, ga sauran aikinka, ka haɗa da rahoto." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Bai ƙara cewa komai ba, ya bar mini ƙwaryar. Da kaka ta yi, ɓarnar tsutsa tana nan yadda take, waken da ke ƙarƙashin geron kuma darɓa ta kama shi fiye da na gonakin da ba mu je ba. Mun kashe dogarai mun bar ɓarawo. Daga nan ne na fara neman duk abin da aka rubuta a kan wannan al'amari, abin da zan kawo yanzu kuwa shi ne taƙaitaccen abin da na tsinta.

Ashe dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani littafin ƙasar Sin da ake dangantawa da shekara ta 304 ya ba da labarin yadda ake sayar da wata irin tururuwa a kasuwa, da sheƙarta, masu lambun lemo su saya su rataya a itatuwansu don ta cinye musu tsutsa. Masu dabino a Yaman ma an rubuta a 1775 cewa sukan ɗauko tururuwa daga duwatsu su kawo gonakinsu. Amma inda abin ya zama ilmi sosai shi ne Kalifoniya ta Amurka. A wajen 1868 wani ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga ya shiga lambunan lemonsu, yana manne wa reshe yana tsotse ruwan itacen, har manoma suka fara sare itatuwa suna ƙonawa. Babban masanin ƙwari na ma'aikatar gonarsu, Charles Riley, ya yi wani tunani mai sauƙi. Ya ce wannan ƙwaro daga Ostareliya ya zo, kuma a can ba a kuka da shi, ke nan akwai abin da yake taka masa burki a gida wanda bai biyo shi ba. A 1888 aka aika Albert Koebele ya je ya nemo. Ya dawo musu da wani ɗan ƙwaro ja da baƙi, mai doron baya kamar an kife ƙoƙo, bai wuce girman ƙwayar dawa ba. Duka-duka 'yan ɗari biyar aka aiko. Aka rufe wani itacen lemo mai cutar da tanti a Los Anjeles, aka sake su ciki suka hayayyafa, sa'an nan aka riƙa ba manoma rassa suna kaiwa lambunansu. Kafin ƙarshen 1889 an ga bayan annobar. To, ga inda labarin ya taɓa ni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946 da 1947, aka shiga fesa DDT a waɗannan lambuna, ɗan ƙoƙon ya mutu, mai audugar ya dawo bayan fiye da shekara hamsin yana kwance. Da na karanta wannan sai na ga ashe ko kuskuren nawa ma ba sabo ba ne, an riga ni da shekara arba'in.

Kada a ɗauka duk wanda ya ɗauko dabba daga wata ƙasa ya ci nasara. A 1935 an kai wani ƙaton kwaɗo Ostareliya don ya ci ƙwaron rake. Ya ƙyale ƙwaron, ya bazu cikin ƙasa, dafinsa yana kashe namun dajin da suka haɗiye shi. Shi ya sa ake killace duk baƙon ƙwaro a gwada shi tukuna, a tabbatar ba zai ci abin da ba a aike shi ba.

Masana sun kasa waɗannan dogarai gida biyu. Akwai mafarauta, masu kama ƙwaro su cinye ko su soke shi da baki su tsotse, irin su ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da ɗan ƙoƙon Kalifoniya. Akwai kuma dangin zanzaro, masu zuba ƙwai a jikin tsutsa ko a cikinta, 'ya'yansu su cinye ta. Ko wanne ne dai, wahalar kiwonsa ɗaya ce: ba ya cin dusa, sai nama mai rai, saboda haka dole ka fara kiwon abincinsa kafin ka kiwata shi. Wato kiwo biyu ne a ɗaki ɗaya. Wanda ya mai da wannan sana'a a Turai wani manomin kokwamba ne a ƙasar Holan, Jan Koppert, wanda maganin feshi ya riƙa sa shi rashin lafiya. A 1967 ya koma amfani da wani mitsitsin mafarauci dangin gizo-gizo a rumfunansa na gilashi, maƙwabta suka fara saye a wurinsa, kamfanin da ya kafa kuma har ya bazu ƙasashe da yawa.

Babban labarin Afirka kuwa a ƙasarmu ya faru, muna nan muna wanke famfo ba mu lura ba. A 1973 aka fara ganin wani ƙwaro mai farin gari a jiki yana murƙushe kan rogo a kewayen Kinshasa da Barazabil. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya iso Nijeriya, kuma a wasu gonaki yakan hallaka har kashi 80 cikin 100. Mu nan rogo abin marmari ne, amma ga miliyoyin mutane daga Kudu har Kwango shi ne tuwo. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta ɗauki wani matashi ɗan Suwizalan, Hans Herren, a 1979. Ya bi tunanin Riley sak: rogo daga Kudancin Amurka ya fito, ƙwaron ma haka, to a je can a nemo mai maganinsa. An sha yawo kafin Anthony Bellotti na cibiyar CIAT ta Kolombiya ya gano ƙwaron a ƙasar Faraguwai, inda yake da ƙaranci har da ƙyar ake ganinsa. A nan aka sami wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar gero biyu ba, mai suna Anagyrus lopezi. Aka killace shi a Ingila, aka sake shi a Ibadan a ƙarshen 1981. Cikin 'yan shekaru ya mamaye kudu maso yammacin Nijeriya da ƙafarsa. Don a kai shi sauran ƙasashe aka gina ɗakunan kiwo, daga baya aka mai da aikin Kwatano, ana shuka rogo a ɗaki, a kiwata ƙwaron a kansa, a kiwata zanzaron a kan ƙwaron, har da jirgin sama aka yi amfani wajen sakinsa. Ya zauna a ƙasashe fiye da 20. Herren ya sami babbar lambar yabo ta duniya kan samar da abinci a 1995. Da ƙwaron rogon ya ɓulla a Tailan, daga Kwatano aka ɗauki zanzaron aka kai musu a 2009. Sau nawa muka ji an ɗauki magani daga Afirka an kai Asiya?

Duk wannan a takarda na san shi. Wanda na gani da idona shi ne na gero. A daminar 2013 na je ta'aziyya gidan surukaina a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Da yamma muka fita gona da mai masaukina, sai na hangi wata 'yar jakar algarara, ba ta fi tafin hannu ba, rataye a reshen itace, an kife mata wani abu don kada ruwa ya jiƙa ta. Na ɗauka laya ce ta tsarin gona, har na kau da kai. Ya ce, "Alhaji, kai da kake malamin gona ba ka san wannan ba? Maganin murzuna ke nan." Na ji kunya, amma na tsaya na yi tambaya.

Abin da ke cikin jakar bai taka kara ya karya ba: ɗan tsabar gero da garinsa, da tsutsa 25 irin wadda take saƙa a cikin shinkafa ko garin da ya daɗe a ajiye, da matan wani ɗan zanzaro guda biyu da suka riga suka haɗu da namiji. Sunansa Habrobracon hebetor, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ya harbin mutum. Aikinsa daidai da abin da mai malafa ya nuna mana, sai dai shi ba ya gini. Uwar takan harbi tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tsotse ta, su yi 'yar farar saƙa su kwanta, cikin kwana goma ko kusa da haka su fito da fiffike. Bayan kamar mako guda da ɗinke jakar sukan fara fitowa ta ramukan algararar, kimanin 60 zuwa 70 daga kowace jaka. Jaka 15 ake ba ƙauye, a rataya uku-uku a gabas da yamma da kudu da arewa da tsakiya, daidai lokacin da gero ya fara fid da kai. Ka ga wajen 1,000 ke nan, kuma su ba su ne rundunar ba, iri ne. Su za su bi zangarniya su sami murzuna a maɓoyarta inda famfona ya kasa kaiwa, su hayayyafa a kanta, cikin 'yan makonni jikokinsu su kai kilomita uku zuwa biyar.

An fara gwada wannan dabara a Sanagal a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikatar kare tsirrai ta Nijar ta ɗauke ta a farkon shekarun 2000, amma a 2006 ne ta yi ƙarfi, sa'ad da gidauniyar McKnight ta Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna GIMEM, wanda ya haɗa cibiyar INRAN ta Nijar da takwarorinta na Burkina Faso da Mali. Cikin waɗanda suka yi fice a aikin akwai Ibrahim Baoua a Maraɗi, da Malick Ba wanda ya fara a Burkina daga baya ya koma cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai. An rataya jakunkunan a ɗaruruwan ƙauyuka. Binciken da suka buga ya nuna a wasu wurare zanzaron yakan kashe har kusan kashi 80 cikin 100 na tsutsar, kuma an auna ƙarin amfani na kimanin kashi 34 cikin 100. Manomin da ya saba ɗaure dami 30, a ce masa ga 40, ai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Daga baya aka koya wa ƙungiyoyin manoma, har da na mata, su yi kiwon da kansu su sayar da jakunkunan. Kayan aikin robobi ne da kwalabe da ƙyallen rufi da ɗan ruwan zuma don ciyar da iyayen. Abokan gabar mai kiwo su ne tururuwa, da zafin bazara, da kuma latti, domin jakar da ta iso bayan tsutsa ta ƙoshi ba ta da amfani.

A nan ne fa na ga bambancin rogo da gero, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Rogo yana tsaye a gona rani da damina, ƙwaronsa yana nan kullum, saboda haka da aka saki zanzaronsa sau ɗaya ya zauna, ba a ƙara tambayar manomi ko kwabo ba. Na gero kuwa ɗan gida ne, ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba, yana nan a rumbuna da ɗakunan ajiya yana bin tsutsar hatsi. Amma raninmu yana da tsawo, murzuna kuma tana ƙarƙashin ƙasa, sai yawansa ya ragu ƙwarai. Kafin ya farfaɗo da kansa a damina, ɓarna ta riga ta auku. Aikin jakar kawai shi ne ta sa dogari ya riga ɓarawo isa, kuma dole a sake haka kowace shekara. Sa'an nan zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya saya da wanda ya ƙi saye duk za su amfana, mutum ɗaya kuma da famfo yana iya kashe abin da gari ya rataya. Ke nan wannan magani ba ya yiwuwa sai da gayya, da mai gari, da ƙungiya mai riƙon amana. Kwalbar feshi kuwa mutum ɗaya yake saye, mai shago ya ci riba. Ina jin wannan ya fi komai bayyana dalilin da ya sa kwalba take gudu jaka take rarrafe. Ni kaina na yi fiye da shekara 30 ina aiki ban taɓa rataya ko ɗaya ba.

Masu lambu ma akwai nasu rabon a wannan tarihi. A yankin Almeriya na ƙasar Sifen, inda rumfunan leda suka rufe wajen kadada 30,000, an shiga uku a ƙarshen 2006 da Jamus ta gano ragowar haramtaccen magani a tattasansu. Daga 2007 suka koma sayen mafarauta a kwalba, musamman wani ɗan ƙwaro mai baki kamar allura da ake kira Orius, wanda ake kiwo a kan ƙwan tsutsar gari, dabara ɗaya da ta Maraɗi. Ga tumatir kuma suna sakin wani ɗan kore mai suna Nesidiocoris tun a wurin renon dashe, shi kuwa yana shanye ƙwan tsutsar nan da manoman Kano suka laƙaba wa suna sharon, wadda a 2016 ta cinye tumatirin Kadawa da Kura, ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. An same shi yana rayuwa da kansa a gonakin Sanagal. Sai dai shi wannan dogari yana da hali: in ya rasa nama sai ya juya ya tsotsi tumatirin, don haka sai da ido a kansa.

Abin da ya fi damuna a gida shi ne shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a nan Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, fadamar da ke tsakaninmu da Argungu ta cika rani da damina, abin farin ciki. Amma nakan ga yara da famfo a goye, ba takalmi ba abin rufe hanci, suna gauraya magani biyu ko uku wai don ya fi ƙarfi, suna feshi ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Indunusiya ta bi wannan hanya. Feshi ya kashe gizo-gizo da sauran mafarautan cikin shinkafa, wani ɗan ƙwaro mai tsotse gindinta ya sami sarari ya ƙone gonaki. A 1986, shekarar da nake kashe wa dattijon nan zuma, Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa, daga 1989 kuma aka buɗe makarantun manoma a bakin gona ana koya musu rarrabe ƙwaron ɓarna da mai gadi. Ni yanzu in na shiga fadama da sassafe, saƙar gizo-gizo nake fara dubawa cikin raɓa. Gonar da na ga babu ko ɗaya, na san abin da aka yi mata.

To, 'yan'uwa, ga inda na dosa. Kowace shekara mukan yi muhawara a taro ko fenti za a yi wa ƙofar makaranta ko allo za a sake. Ina roƙon a sa wannan cikin abin da za a duba bana: ɗaki guda a gefen ɗakin kimiyya, a sa wa tagoginsa raga, a sayi robobi da kwalabe da algarara da buhun gero ɗaya, a kuma tura malamin aikin gona ya koyo kiwon. Muna da 'yan'uwa a jami'ar Aliero da ta aikin gona ta Zuru, akwai kuma cibiyar binciken Tafkin Cadi a Maiduguri wadda gero yake hannunta. Su ya kamata su tantance mana zanzaron daga rumbunanmu, ba sai wani ya ɗauko ƙwaro a aljihu ya tsallako iyaka ba. Babban hutun makaranta yakan zo daidai da fitar kan gero, ɗaliban da suka fito daga Kangiwa da Augie da Gwandu kuwa gida za su tafi ko da jaka ko babu. Ba na alkawarin shekarar farko za ta yi kyau. Mai yiwuwa tururuwa ta cinye mana kiwon, ko mu makara, kuma jakar ba ta maganin fara ko jan-baki.

Ranar da zan baro ƙauyen nan, mai masaukina ya kwanto mini ɗaya daga cikin jakunkunan da suka gama aiki. Na farke ta a gida, na tarar da busassun fatun tsutsa da 'yan fararen saƙa da aka huda aka fita. Tana nan a aljihun teburina a Gesse. Zan zo da ita taro, tare da gilashin ƙara girma, wanda yake son gani ya same ni bayan an tashi.